Kunnen da Ya Nemi Gafara a Cikinsa

A lokacin da abin nan ya faru ni mai sayar da abinci ce a unguwar Tahaggart ta Tamanrasat. 'Yar Damagaram ce ni, aure ya kawo ni Aljeriya, kuma duk magini ko lebura ɗan Nijar da ke wannan yanki ya san tuwona da miyar kuka. Maigidana yana aikin garka, wato lambu, can a ƙauyen Hirafok, sai ya yi makonni ban sa shi a ido ba. Ina da baki, ban musa ba, amma ina da saurin yarda da mutum. Wannan halin ne ya ci ni, shi ya sa nake rubuto muku.

'Yata ta fari tana da shekara tara a lokacin. Tun tana ƙarama kunnenta na hagu ke zubar da ruwa, har malamin lekkol, wato makarantar boko, ya mayar da ita benci na gaba don ba ta jin karatu. Likita ya ce sai an yi mata aiki a Alje, babban birni, kuma kada a ɓata lokaci. Yayata da ke aure can ta yi ta zarya har ta samo mana rana a asibiti. Sai ranar ta faɗo ina cikin jego, ga jariri ko suna ba a daɗe da yi ba, ga maigida a bakin aikin da in ya bari an ba wani. Yayata ta kwantar mini da hankali a waya. Ta ce kamfanin jirgi na ɗaukar yaro shi kaɗai in an biya kuɗin rakiya ban da na tikiti. Za a rataya wa yarinya wata 'yar jaka a wuya mai ɗauke da takardunta, ma'aikaciya ta riƙe hannunta tun daga ƙofa, ta zaunar da ita, in an sauka ba za a miƙa ta ga kowa ba sai wanda aka ambata, shi ma sai ya nuna katinsa. Ta ja mini kunne a nemi jirgin da ba ya tsayawa a hanya.

Ni da ban san ƙofar buro ba, wato ofishin kamfanin jirgi, wa zan aika? Akwai aminin maigidana, tare suka tashi a Damagaram, yana da shago a kasuwa, yana jin Larabci da Faransanci. Ni Yaya nake ce masa, 'yata kuma Baba. Na sayar da 'yan kunnena na zinari na haɗa da abin da na tara, na damƙa masa. Ya yi dariya ya ce wannan kuɗin rakiya almubazzaranci ne, a gida ba direba ake ba yaro a tasha ya kai shi har Maraɗi ba? Na ce masa jirgi ba mota ba ce, ya biya kawai. Ya dafa ƙirji ya ce an gama.

Da safen tafiya na yi mata kitso, na sa mata atamfar sallah. A bakin ƙofa na kama kunnenta mai ji na gaya mata cewa duk wanda Baba ya haɗa ta da shi a filin jirgi, kada ta kuskura ta rabu da shi, inda ya sa ƙafa nan za ta sa tata. Na maimaita har ta gyaɗa kai. Wallahi da na san abin da nake shukawa da na cije harshena.

La'asar ta yi, yayata ta kira. Jirgi ya sauka, fasinja sun watse, babu yarinya. Ta je wurin ma'aikata, suka duba suka ce ba a ba su amanar wani yaro ba a wannan jirgi, yarinyar da take faɗa tare da kawunta ta shiga. Wane kawu? Na ajiye jariri a tabarma na fita ko mayafi babu, na iske aminin maigidana a shagonsa yana shan shayi. Da ya ga idona sai ya fara in'ina. Ashe bai biya kuɗin rakiya ba. Ya sayi tikiti mai araha na jirgin da ke yada zango a Gardaya, ya samu wani ɗan kasuwa da ko sunan ubansa bai sani ba a layi, ya roƙe shi ya riƙa cewa yarinyar 'yar ƙanwarsa ce har a shiga ciki. Shi kuwa ɗan kasuwan a Gardaya zai sauka. Wai shi Yaya a lissafinsa yarinya za ta zauna a kujerarta har Alje.

Ba ta zauna ba, maganata ta bi. Kunnenta na mata zugi, ba ta ji sanarwar da ake yi ba, ta ga ɗan kasuwan ya tashi, ita ma ta tashi ta bi bayansa cikin jama'a. Sai a waje ya waiga ya gan ta, jirgi ya riga ya tashi. Da yake ba shi da wata shaida a kanta, tsoro ya kama shi kada jandarma su ce satar yara yake yi. La'anannen ya kai ta tashar mota, ya zaunar da ita a benci da gorar ruwa, ya yi mata alama da hannu cewa yana zuwa.

Aka kwana, aka sake kwana, ba labari. Maigida ya baro Hirafok a bayan motar kayan lambu ya wuce arewa. Ni kuwa nonona ya ƙafe, jariri na tsala kuka ina kallonsa kamar ba nawa ba. Allah ya saka wa wata baiwar Allah 'yar Agadas da alheri. Ita ce ta ji yarinya na kiran Inna da Hausa a bayan shagunan tasha, ta ɗauke ta ta kai wa 'yan sanda. An same ta da zazzaɓi, kunnen ya kumbura har wuya, tana ƙanƙame da gorar nan da ba ko ɗigo a ciki. Ranar asibiti ta wuce. Kafin a sake samun wata watanni sun shuɗe, likita ya duba ya ce kunnen hagu ya mutu, sai dai a yi ta tattalin na dama.

Manyan 'yan Nijar na unguwa suka taru a kan maganar. Suka ce ƙaddara ce, mu baƙi ne a ƙasar mutane, kai ƙara tonon asirin kowa ne. Aminin maigidan nawa ya aiko da kuɗin a ƙulle a leda, na mayar masa. Maigida ya daina yi masa magana, shi ke nan nasa fushin. Ni na yi shiru, har mata suna yaba haƙurina. Haƙuri? Jira nake yi. Duk sanda na kira 'yata ta gefen hagu ba ta waigo ba, sai in ƙara wa wutar itace.

Shekaru suka wuce, mutumin ya yi arziki, ya biya kujerar Makka. Kun san al'ada, maniyyaci ba ya tafiya sai ya bi mutane ya nemi gafara. Ya shirya walima a ƙofar gidansa, aka yanka rago, malamai da 'yan kasuwa suka cika tabarmi. Ya aiko a kira ni, don ya san a gaban taro kunya za ta sa in ce na yafe. Na yi wanka na ci ado, na riƙe hannun 'yata, wadda ta fara zama budurwa, muka je. Ya sunkuyar da kai ya yi jawabinsa mai daɗi, ya ce shaiɗan ne, ya ce in dubi Allah. Na bari ya gama tsaf. Sannan na ɗaga murya yadda na bayan taro zai ji, na ce masa Yaya, ai ba ni ka yi wa laifi ba, ga mai haƙƙin nan. Na ce ya durƙusa ya nemi gafararta a kunnen hagu, in ta ji ta amsa, to ni ma na yafe duniya da lahira.

Ya duba malamai, ba wanda ya cece shi. Ya durƙusa da babbar rigarsa a ƙasa ya yi raɗa. Yarinya na kallon masu zuba shayi. Ya ƙara murya, ba ta motsa ba. Ya faɗa a karo na uku har muryarsa ta karye, ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na ja hannunta muka fito, ban taɓa naman ragonsa ba. Ya tafi Makka ya dawo, ana ce masa Alhaji, amma tun daga ranar ba wanda ya ƙara ba shi ko saƙon goro ya kai tasha.

Na ji daɗi, ba zan yi muku ƙarya ba. Abu ɗaya ne ke cina. A hanyar gida 'yata ta zagayo ta ba ni kunnenta na dama, ta tambaye ni me Baba ya ce mata, kuma me ya sa kowa ke kallonta. Nan na gane na ɗauki lalurarta na yi bulala da ita a bainar jama'a ban nemi izininta ba. Ita na roƙa gafara, a kunnen da ke ji, ta kuma yafe mini. Shi kam har yanzu ban yafe ba.

'Yan'uwana iyaye, araha ba ta ado. In za ku sa yaro a jirgi shi kaɗai, ku je da ƙafarku ku biya kuɗin rakiya, ku ga jakar a wuyansa da idonku, ku ga ma'aikaciyar da ta riƙe hannunsa, kada ku bar filin sai jirgi ya tashi. Kada zumunci ya hana ku tambaya, ko da wanda kuka aika uwa ɗaya kuka fito. Ni kunyar tambaya na ji, ga shi har gobe sai na zagaya dama kafin in kira 'yata cin abinci.