Ranar da Malam Ya Ba da Aure da Bakinsa

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ina jin wannan ɗaurin aure na Affala shi zai rage na ƙarshe. Shekaru sun ja, amaryar ma yanzu tana da 'ya'ya a lakwal, wato makarantar boko, amma duk lokacin da na tuna sai na kama dariya ni kaɗai a madafa.

Maigidana, Malam, mai awon hatsi ne a kasuwar Tawa, mutum ne marar yawan magana. Ni kuwa Allah ya ba ni baki. Maƙwabta sukan ce a gidanmu mutum ɗaya ke yi wa mutum biyu magana. To wata safiya cikin damina yana alwala sai buta ta kuɓuce masa, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. A asibiti lokotoro ya ce hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa. Allah ya taimaka, ƙafa ta dawo, hannu ma ya fara motsi, sai dai magana ta ƙi. Abin mamaki, in ya ta da salla Fatiha takan fito tsaf, amma ya ce a ba shi ruwa, sai ya yi ta kokawa da leɓe har gumi ya karyo masa.

Ga kuma aure a gabanmu. Ƙanensa ya rasu ya bar ɗiya mace, mu muka riƙe ta tun tana rarrafe. Ta samu wanda take so, an sa rana bayan kaka a gidan kakanninta a Affala, kuma Malam ne waliyyi. Dangi suka fara shawara a tsakar gida, a gabansa, kamar ba ya nan: tun da ba ya magana, a ba wani ɗan baffan Malam walicci. Na ga Malam ya ɗaga hannun hagu ya bugi tabarma har sau biyu, idonsa ya cika da hawaye. Shi ke son ya ba da ita, ba wani ba.

Da muka koma awo sai aka tura mu wani ɗan ɗaki a ƙarshen asibiti, wai wurin likitar magana. Sunan aikin nata da Faransanci har yau harshena bai iya shi ba. Yarinya ce 'yar Damagaram, siririya, ga madubi a kan tebur, ga hotunan rago da tulu da kwano. Na ce a raina, wannan ai kayan wasan yara ne.

Ta gaida shi da ladabi. "Baba, ina kwana? Ya jiki?"

"Lahiya lau, da sauƙi," na amsa.

"Baba, ka karya kumallo?"

"Ya sha kunu, sai dai bai shanye ba."

Ta juyo ta dube ni tana murmushi. "Inna, ke ce marar lafiyar?"

"A'a ɗiyata, ni ƙalau nike."

"To na ji muryarki, ma sha Allah babu abin da ya same ta. Tasa nake nema."

Malam ya yi wata irin dariya da rabin baki, ta farko tun da ya kwanta. Daga nan ta yi mini bayani yadda zan gane. Ta ce maganar tana nan cikin kansa ba ta ɓace ba, hanya ce ta yanke, kamar yadda ruwa kan cinye hanyar ƙauye. Sai an yi ta bi ta gefe kafin sabuwa ta fito. In kuwa kullum wani na amsa masa, ba zai taɓa takawa ba.

Ku da kuka san mu kun san yadda dubiya take. Mai jinya ke amsa gaisuwa, don a hutar da marar lafiya. Haka muka tashi muka gani, kuma tausayi ne. Ita kuwa ta kafa doka: duk wanda ya zo ya ce ya jiki, Malam ne zai amsa, ni in kama bakina ko da za a kai azahar ana jira.

Jama'a, ban taɓa shan wuya irin wannan ba. Baƙi su cika ɗaki, su yi gaisuwa, Malam na ta motsa baki, ni ina zaune ina kallon rufi, amsa na yi mini ƙaiƙayi a maƙogwaro. Har gefen mayafi nakan cusa a baki. Cikin unguwa aka fara cewa ciwon ya kama ni ni ma. Wata maƙwabciya ta aiko mini da rubutun sha. Yayar Malam kuwa, tsohuwa mai faɗa, ta zo takanas daga Affala ta tsare ni a bakin murhu.

"Ke, mi ka damunki? Mutane su gaishe ku ki yi musu kunnen ƙashi? Gajiya kika yi da ƙanena?"

"Wallahi Yaya likita ta hana ni."

"Likita ta hana ki magana? Ke? To wagga likita a kai mata goro, ta yi abin da ya gagari kowa."

Muka yi ta zuwa ɗakin nan na asibiti a kan babur ɗin kabu-kabu, ni a baya ina riƙe da shi. Likitar ta sa shi ya dubi bakinta, ya dubi nasa a madubi. Ta riƙe hannunsa na hagu tana ɗan bubbuga shi a tebur, suna jan kalma tare kamar masu waƙa, sannan ta yi shiru ta bar shi ya ƙarasa. Wani lokaci ya nemi cewa tulu, rago ya fito, ya fusata ya juya mata baya. Ba ta taɓa gaggawa ba. Sai ta ce, "Baba, huta, ba inda za ni." Ranar da ya dubi mai gyaran rediyon unguwarmu ya ce masa "da sauƙi" da kansa, sai da na zagaya bayan ɗaki na yi kuka.

Na ba ta labarin auren. Ta tambaye ni abin da waliyyi ke faɗa. Mata ba su zama wurin ɗaurin aure, amma ni ba a ɗaura wani a unguwarmu ban ji ta bayan katanga ba, don haka na zayyana mata komai. Ta zama wakilin ango, ta ƙanƙance murya irin ta dattawa tana neman aure, ni aka ba ni limanci da sharaɗin kada in yi wa'azi. Wata rana ya faɗa daidai, wata rana ta maƙale. Ba ta yi mana alkawarin komai ba. Ta dai ce wa Malam, "In ta tsaya, ja numfashi. Su jira ka."

Ranar ta zo. Maza suka cika ƙofar gida da hantsi, mu mata muna ciki, ni na manna kunne jikin katanga. Na ji liman ya buɗe da addu'a. Na ji wakilin ango ya nemi aure. Sai shiru. Shirun ya yi tsawo har na ji kukan akuya daga wani gida. Amarya na bayana ta riƙe mini zane. Can na ji ɗan baffan nan ya gyara murya ya fara, "To, a madadin..."

"Dakata."

Muryar Malam ce, a kaushare, amma tasa ce. Ya ja numfashi, na ji shi sarai.

"Na... ba ku. Amana ce."

Ban san lokacin da guɗa ta kuɓuce mini ba. Ko Fatiha ba a shafa ba! Maza suka ruɗe a waje, wani ya fashe da dariya, liman ya ce a yi wa mata magana. Yaya ta ɗaka mini duka a baya tana share hawaye, tana cewa, "Bakin nan dai ya dawo, Allah shi kyauta." Amarya ta faɗa jikina muka yi ta kuka da dariya a haɗe.

Da muka koma asibiti na kai wa likita goro da alawar biki. Na buɗe baki zan ba ta labari, sai na fasa, na bar Malam ya faɗa mata da kansa. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, ta saurara har ƙarshe.

Maganarsa ba ta koma kamar da ba, har yau a hankali yake yi, kuma ni ban daina surutu ba. Amma na koyi abin da ban sani ba duk tsawon zamanmu: ba kullum ne taimako yake nufin ka yi wa mutum abu ba. Wani lokaci ka zauna kusa da shi, ka haƙura, ka jira har ya yi da kansa, wannan shi ne babban gatan da za ka yi masa.