Ranar da Surukina Ya Yi Mini Feshi

Bayan ɗakina a Bodinga akwai ɗan fili. Shekaru na yi ina tara masa tsiron daji. Ban ja layi ba, ban yi fangali ba, kowane tsiro na bar shi inda ya ga dama. Gasaya da lalo sun cakuɗe, ɗoɗɗoya ta kama gindin randa, gamba ta tsaya a kusurwa, tsuntsaye na lilo a kanta. Yaɗiya kuwa ta haye katanga har tana leƙen maƙwabta. Saiwarta na haƙo a Mandera, a kangon mahaifiyata, bayan rasuwarta. Da ganyenta take mana kwaɗo muna yara.

Lokacin ɗari, in daji ya bushe ƙaf, wurin nan shar yake. Ruwan alwalata nake tara musu, ba na zubawa sai rana ta ɗumama shi. In iska ta tsananta na kafa zana ta gabas. Maƙwabta na cewa ina kiwon haki. Uwargida kuma kullum zancenta macizai, alhali ko saɓa ba ta taɓa gani ba.

Wata la'asar cikin sanyi na dawo daga ajin yaƙi da jahilci, na ji wani wari tun daga zaure. Mijin ɗiyata ne durƙushe, injin feshi a gefensa. Yaro ne mai ladabi, yana noman rani a fadamar Danchadi.

Kansa a ƙasa ya ce, "Baba, na ishe filin bayan ɗakinka ya cika da haki, shi ne na ɗan rage maka aiki. Wanga magani har saiwa yake ci."

Har saiwa! Da ɗan cikina ne, da unguwa ta ji mu. Amma suruki ne, ko ido ba mu haɗawa. Ya sayi magani, ya goyo inji a babur, ya zo yi wa uban matarsa hidima kamar yadda aka saba tun kaka da kakanni. Na buɗe baki na ce, "Allah shi yi albarka." Ya ce amin, har da murmushi.

Yana fita na ɗauki bokiti. Ganye ɗaya-ɗaya na bi ina wankewa, hannuna na ƙanƙarewa. Uwargida ta tsaya a kaina.

"Malam, mutum ya yi maka alheri kana wanke shi?"

"Ke kika buɗe mishi ƙofa?"

"To in kore shi? Ai yanzu ma yi shanya a wurin."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba su mutu nan take ba. Kwanaki suka yi shar, har na sa rai. Sannan gasaya ta yi rawaya, lalo ya kwanta. Yaɗiya ce ƙarshe, ta bushe a jikin katanga kamar tsohuwar igiya. Na tona saiwar, ta ruɓe.

Na hau mota zuwa Mandera. Kangon ya zama gona, shi ma feshi ake masa. Wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyata, ta ja ni bayan rumbunta ta nuna mini wata yaɗiya, ta ce tsatso ɗaya ne da tamu. Ko gaskiya ne, ko lallashi, ban sani ba. Na haƙo na dasa.

Da damina ta faɗi, wurin ya fara tofo. Sai ga surukina da injinsa, ya durƙusa a zaure.

"Baba, na ji an ce hakin ya dawo."

An san ni da haƙuri a garin nan. Ran nan na ɗaga kai na dube shi cikin ido, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Ba haki ba ne. Abincin uwata ne ka kashe. Injin ga kar ya sake wuce zauren nan."

Ya fita ba sallama. Wata guda bai zo gaisuwa ba, ɗiyata ta aiko cewa na kunyata ta. Ban ba da haƙuri ba. Yaɗiyar ta kusa kai rabin katanga.