Tsofaffin Notuna a Sabon Inji

Har gobe ban manta da wata ranar Laraba ba, ranar da na tsaya a ƙofar ofishin Mu'allim Usman da fakitin notuna a hannu, gumi na tsiyaya mini duk da sanyin ofishin. Ku da kuka shigo warshar nan, wato garejin nan, bana, kuna ganin kamar da sifana a hannu aka haife ni. To ku gyara zama.

A lokacin watana biyu da fara aiki a nan. Ƙa'idar gidan ita ce a gwada sabon bakanike wata uku. Idan Mu'allim, wato shugaban kanikawa, ya gamsu da kai, sai mai gareji ya karɓi kafalarka, wato ya tsaya maka a wurin hukuma, ya sabunta maka iƙama, takardar izinin zama a ƙasar. Idan bai gamsu ba, sai ka nemi gabanka. Tawa iƙamar kuwa saura ƙiris ta ƙare, ga iyali a Kano sun zuba ido. Mu'allim Usman mutumin Sudan ne, dogo, maganarsa ba ta wuce ta awo, kuma ban taɓa jin ya yaba wa kowa ba.

Ana cikin haka aka kawo mana wata motar Amurka mai ƙofa biyu da silinda takwas, irin waɗanda ke tashi kamar hadari. Wani Balarabe, Abu Fahad, ya saye ta bayan ta yi haɗari ta shekara biyu tana shan rana a wani fili can wajen garin Dir'iyya. Fenti ya ƙone, robobi sun bushe, baƙin mai ya zama kamar kwalta. Bai tsaya ga a tashe ta kawai ba, ƙarin ƙarfi yake so. Saboda haka aka sauke inji aka warware shi kaf, aka sa fistin masu jure zafi, aka canza salansa, sannan aka tanadi sufacaja, wata na'ura da ke zama a saman inji tana ɗura masa iska da ƙarfi don ya ƙona mai da yawa.

Ranar da za a rufe kan inji, Mu'allim zai fita karɓo kaya. Ya miƙo mini fakitin sababbin notuna da takardar awo, ya ce, "Yalla ya Habu, rufe," ya wuce abinsa.

Ni kuwa a Kano na koyi aiki, wurin Oga Ɗanlami, mutumin da in ka yar da noti ɗaya sai ka tone ƙasar gareji ka nemo shi. A wurinmu noti ba ya mutuwa sai ya karye. Na ɗauki tsofaffin da aka cire na duba, babu tsatsa, babu inda zare ya cinye. Na ce a raina wannan ai almubazzaranci ne irin na masu abu da yawa. Na wanke su da fetur suka fito tas, na ɗaure su daidai da awon takarda, na ɓoye sabon fakitin a durowata. Har shiri nake in fito da shi ranar da mota ta tashi, in nuna musu ɗan Kano ya san tattali.

Kwana uku muka yi muna mayar da inji, muka ɗora sufacaja, aka haɗa wayoyi da bututai. Ranar Alhamis bayan la'asar aka sa Abu Fahad zai zo da abokansa a hau da motar kan daino, na'urar da ake ɗaure mota a kai tana gudu a wuri ɗaya ana auna ƙarfinta.

Ranar Laraba da hantsi na ga Malam Ilu, wani dattijo ɗan Maraɗi da ya shekara goma sha a gidan, ya kwashi notunan wata motar ya watsa a durom ɗin ƙarafa. Ban san lokacin da na kai hannu na fara tsincewa ba. Sabo turken wawa.

"Kai Bakano, kai su kasuwar ƙarafa ta Ƙofar Ruwa za ka yi?" ya ce yana dariya.

Na ce, "Haba Malam, lafiyarsu ƙalau fa."

"A ido. Waɗannan na kan inji sau ɗaya ake ɗaure su. In ka ja su miƙewa suke, kamar robar wando. Ta saki sau ɗaya, halas, shi ke nan. Ka mayar da su, balle a injin da aka ƙara wa iska, wata rana kan injin ya ɗaga, gaskit ya ƙone, ruwa ya shiga silinda. In mutum na gudu a babban titi kuwa sai abin da Allah Ya yi."

Ya dubi fuskata, ya dubi motar Abu Fahad, dariyar ta ɗauke.

"Habu, ba dai ka yi ba?"

Na gyaɗa kai.

Ya ce, "Ni ba zan kai ƙararka ba. Ƙila ta wuce daino lafiya, ƙila ta yi wata shida ma. Amma ɗan mutane ne zai zauna a cikinta."

Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi tunanin kama bakina. Wata shida ai iƙama ta daɗe da fitowa, kuma in inji ya fashe za a ce mai motar ne ya cika taka wuta. Na yi sallar azahar ban san abin da na karanta ba. Da aka sallame na buɗe durowa, na ɗauki fakitin na nufi ofis.

Na ajiye shi a kan tebur, ko ledarsa ba a ɓare ba. Mu'allim ya dube shi, ya dube ni.

"Me ke cikin injina?"

"Tsofaffin, ya Mu'allim. Na ɗauka tattali nake yi."

Ya cire tabarau ya ajiye. Na gama sallamawa cewa tawa ta ƙare. Sai ya ɗauki waya ya kira Abu Fahad a gabana. Larabcina a lokacin guntu ne, amma na ji abin da ya ce sarai: "Mun yi kuskure a rufe inji, mun gano shi. Ba gobe ba, sai mako mai zuwa." Daga inda nake tsaye ina jin faɗan mutumin, wai ya riga ya gayyaci jama'a, wai an mai da shi ƙaramin mutum. Mu'allim ya shanye duka, bai ambaci sunana ba ko sau ɗaya.

Da ya ajiye waya ya ce, "Kai ka ɗaure, kai za ka kwance."

Kwana huɗu na yi a kai, Malam Ilu na kama mini yana tsokana, wai in ajiye notunan in yi wa matata tsaraba. Da muka cire su Mu'allim ya jera tsoho ɗaya kusa da wani sabo irinsa, ya sa ma'auni, ya nuna mini. Bambancin tsawon bai kai kaurin farce ba. A kan wannan ɗan abin na kusa jefa ran mutum cikin haɗari.

Ranar gwaji motar ta yi ruri har kwanon rufi na karkarwa. Abu Fahad ya ga lambar da ta fito a allo, fushi ya tafi, ya rungumi Mu'allim, ya aika aka kawo mana kabsa, shinkafarsu da nama, faranti uku.

Bayan kwana biyu Mu'allim ya ce in kai fasfo da hoto ofishin mai gida, za a fara takarduna. Na yi ta yi masa godiya. Sannan na tambaye shi abin da ke cina, me ya sa ya ce wa Abu Fahad "mun".

Ya ce, "Na ba ka fakiti, ban gaya maka dalili ba. Rabin laifin nawa ne. Je ka wanke hannunka."

Allah Ya saka wa mutumin nan da alheri, Ya ƙara wa Malam Ilu lafiya. Abin da na koya shi ne dabarar da ta ciyar da kai a wani gareji tana iya kashe inji a wani, kuma babu wanda ke zuwa da sanin komai daga gida. Saboda haka duk wanda ya yi ɓarna a cikinku, ya kawo mini ita tun mota ba ta fita ƙofa ba. Zan yi faɗa, kun san halina. Amma in na ɗauki waya zan kira mai mota, "mun" zan ce.