Gatarin Da Ya San Wurin Tsayawa

Idan aka sallame sallar asuba kowa gida yake nufa neman kunu, amma Baba Dalhatu hanyar bayan gari yake kamawa, gatari a kafaɗa, buta a hannu. Shekara talatin da ɗoriya ke nan yana wannan tafiya zuwa wani ɗan fili a gefen Kaura Namoda, inda ya shuka dogon yaro da bagaruwa, ya bar kalgo da sabara suka tashi don kansu. Filin bai taka kara ya karya ba. A bakinsa ya kafa rumfa, nan ake faskare, nan ake ɗaure dami, nan masu tuwo da masu ƙosai suke zuwa saye.

Kafin ya ɗaga gatari sai ya zaga, yana duba kututture ɗaya bayan ɗaya kamar mai gaida majinyata. Ya raba filin kashi bakwai. Kashi ɗaya yake sara a shekara, shida su huta. In zai sara kuma ba ya bin ƙasa, daidai gwiwa yake tsayawa, ya karkata saran don kada ruwan damina ya kwanta a kai ya ruɓar da shi. Da toho ya fito sai ya zaɓi uku masu ƙarfi ya bari, ya cire sauran. Mun sha yi masa tsiya cewa ya fi lallaɓa kututture a kan jikokinsa. Ko kai ba ya ɗagawa.

Sai ga shekarar da 'yan bindiga suka rufe daji. Mutane suka kwararo cikin gari daga Kurya Madaro da ƙauyukan Zurmi da Shinkafi, kowa da tukunyarsa, babu mai itace. Murhu kuwa bai san gudun hijira ba. Mata suka fara fita daji neman ƙirare, kuma ba duk wadda ta fita take dawowa ba.

Ba zan ce Baba bai taɓa karaya ba. A watan farko tausayi ya ci ƙarfinsa, ya buɗe wani kashi da shekara biyu kacal ya yi yana hutawa, ya ce kowa ya sara. Aka bi shi har ƙasa, wasu har da tonon saiwa. Kwana goma itacen ya ƙare. Damina ta zo ta wuce, ko ganye ɗaya bai fito a wurin ba.

Saboda haka da Dogo mai gidan burodi ya zo da rakiyar wasu dattawa, Baba ya riga ya san amsarsa.

"Baba, ga icce tsaye, mutane na kwana da yunwa," in ji Dogo. "Sare shi duka mana, Allah na nan."

"Allah na nan, Dogo, amma baɗi ma tana nan tahe," Baba ya ce. "In nis sare duka bana, baɗi ina matan ga za su?"

Aka ce marowaci ne. Akwai wanda ya daina ba shi hannu a masallaci. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, iyalinsa sun shaida har abinci ya rage ci, amma bai ƙara buɗe kashin da lokacinsa bai yi ba.

Wata safiya Sadiya, wata gwauruwa daga Kurya Madaro mai 'ya'ya huɗu, ta biyo ta gaban rumfar da igiya a hannu, tana sauri ta cim ma wasu mata. Baba ya kira ta.

"Ɗiyata, ina za ki da igiya?"

"Daji, Baba. Tun jiya ban hura wuta ba."

"Dawo. Shiga nan ki ɗiba."

Ya nuna mata tohon da ake cirewa, da busassun rassa, da ɓawon da ke zuba wajen faskare. Matan da suka riga ta wucewa, biyu daga cikinsu 'yan bindiga suka kama, sai bayan wata biyar aka gan su. Sadiya ce ta ba ni labarin da bakinta, ta kasa kai shi ƙarshe.

Tun daga ranar ya kafa doka: faskare na sayarwa ne, ƙirare na mata ne kyauta, muddin ba a shiga da gatari ba. Yau sauran itatuwan da ke kusa da gari duk sun zama gawayi. Filin Baba ne kawai ke tsaye.

Baba Dalhatu, kai ne ka ɗauki zagi don 'ya'yan wasu su kwana a ɗakin iyayensu. Kai ne mai gatarin da ya san wurin tsayawa. Babu wanda ya taɓa kiranka taro ya ba ka lambar yabo, kuma kunyar wannan tamu ce, mu da muka ci tuwon da itacenka ya dafa.

Bana bayan Baba ya ƙi, gatari ya yi masa nauyi. Sadiya ya danƙa wa kula da filin, ita za ta riƙa nuna wa masu faskare inda za su sara. Ranar da ya miƙa mata, bai fara kai ta wurin manyan itatuwa ba. Kashin filin nan da aka sare ya mutu ya kai ta, ya ce, "Nan tausayina yay yi ɓarna. Duk randa anka matsa miki, taho nan ki tsaya kahin ki amsa."

Mun gode, Baba. Allah Ya saka maka da inuwar da ba ta gushewa, Ya ba ka lafiya. Ku kuma masu gatari, ku je ku koya tun yana da ƙarfin nuna muku. Yau da safe, Baba, na ga mata riƙe da igiya sun fito bayan gari. Da suka kai mararraba ba su bi hanyar daji ba, hanyar filinka suka bi.