Ɗela Mai Zabi da Jan Irin Nasara

A Garin Bawa, wani ƙauye kusa da Yekuwa, an san Ɗela matar Jibo da kiwon zabi, an kuma san ta da faɗa. Doguwa ce baƙa, mai babbar murya. Tun tana amarya kakarta ta ba ta ƙwan zabi bakwai, ta sa wa kaza ta kwanta a kai. Kafin ta yaye ɗanta na uku, zabinta sun haura sittin. Ta san gindin sabarar da kowace zabuwa ke ɓoye ƙwanta, kuma ba ta kwashewa da hannu sai da ludayi, don kada uwar ta gane ta sauya wuri. Da damina fatake daga ƙasar Ingilishi, can ƙetaren iyaka, kan zo har ƙofar gida su sayi ƙwai. Da wannan ta yi wa 'ya'yanta sutura, ba ta taɓa jiran Jibo ba, shi kuwa mutum ne mai sanyi da ba ya son hayaniya.

Mai jin haushin zabin nan shi ne Mutari, ƙanen Jibo, wanda gonarsa ke jingine da dangar gidansu. Kowace shekara in ya shuka gyaɗa, zabi su bi sahu su tone. Ya yi ƙorafi har ya gaji. Ɗela takan ce masa ya sa mai tsaro kamar kowa.

'Yan shekaru bayan babban yaƙin Nasara, kumandan, Nasaran da ke mulkin Magarya, ya matsa a kan noman gyaɗa. Ana cikin bazara wata kamiyo, babbar motar kaya, ta tsaya a gindin tsamiyar gari. Wani Nasara mai kula da aikin gona ya sauko da tafintansa, aka sauke buhunan sabon iri da aka cuɗa da wani jan gari. Tafinta ya ce wannan iri ba ya ruɓewa a ƙasa, gara ba ta cin sa, ɓera da kurege ba sa tone shi su kwana lafiya. Maza kaɗai aka tara. Mutari ne ya fara miƙa hannu, aka ba shi buhu biyu.

Da ruwan shuka ya sauka, Mutari ya shuka gonarsa kakaf. Washegari da hantsi Ɗela na daka sai ta ga wata zabuwa ta shigo tana tangaɗi, wuyanta a karkace. Ta leƙa bayan danga. Ga su nan birjik a gonar Mutari, wasu na shure-shure, wasu sun riga sun sandare. Ta kwaso waɗanda ke da sauran numfashi, ta ɗura masu nono, ta ɗura masu ruwan tsamiya, ba abin da ya yi. Jibo ya zaro wuƙa zai yanka don kada a yi asarar naman, sai ga karen maƙwabta da ya ci hanjin ɗaya yana birgima, kumfa a baki. Jibo ya mayar da wuƙarsa. Kafin la'asar zabi tara ne suka rage.

Ɗela ta sami Mutari a ƙofar gidansa yana gyaran ƙotar hauya.

"Ka san abin da ke jikin irin nan?"

"Yaya, an dai ce yana kashe mai tono."

"Kai kuma ka fi kowa sanin mai tono a gonarka. Taku nawa ne daga nan zuwa ɗakina?"

Mutari bai ɗaga kai ba. "Shekara nawa ina gaya maki ki tsare dabbobinki? Ni ba zabinki na nufa ba. Amma gonata ce."

"To, ka ci gonarka. Daga yau babu ni babu kai."

Da asuba ta cusa matattun zabi a mangala, ta ɗora wa jaki, ta kama hanyar Magarya. Jibo ya bi ta har bayan gari yana lallashi, ta ce ya koma. Ta isa bayan azahar, kayan sun fara wari. Gardin da ke ƙofar biro, wato ofishin kumandan, ya tare ta, ta ture shi da kafaɗa ta zazzage mangalar a bakin matakala. Nasaran gonan ya fito da ƙyalle a hanci, tafinta na biye.

Tafinta ya ce, "Mushe na tambaya, mene ne wannan?" Haka ake kiran duk wani mai wando da alƙalami a lokacin.

Ɗela ta nuna ƙasa. "Ga mushe nan, shi ya yi shi. Ka gaya masa maganinsa ne."

Nasaran ya sa aka ɗauko wani buhu, ya nuna mata rubutu da zanen ƙoƙon kan mutum. Tafinta ya ce ai an rubuta guba ce, laifin na wanda bai kiyaye ba ne.

Ta ce, "Wa ya yi lakwal a garinmu balle ya iya karatun boko? Kun tara maza kun yi masu magana a kan gara. Mu da ke da kaji da yara da tukwane, wa ya kira mu?"

Tafinta bai juya wa Nasaran wannan ba. Aka sa fursunoni suka binne zabin, aka ce ta bar wurin kafin a kulle ta. Ta dawo gida da jaki da mangala.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne irin ya yi kyau. Gonar Mutari ta tsira babu giɓi, da kaka ya tara gyaɗar da ba a taɓa gani ba a ƙauyen. Shekara ta zagayo kowa ya karɓi jan iri, har Jibo, a ɓoye. Mutari ya sayi amalanke, masu rufin kara suka fara ginin ƙasa. Zabin Ɗela kuwa dole ta riƙa kulle su duk lokacin shuka, kuma zabuwa a kulle ba ta yin ƙwan kirki. Ta sayar da su, ta rushe akurkin da hannunta.

Sai ta koma matsar mai da ƙuli-ƙuli. Sabuwar gyaɗar ta fi tsohuwar mai, kuma da aka kawo injin ɓare gyaɗa na hannu, aikin kwana uku ya koma na yini ɗaya. Ta samu fiye da abin da ƙwai ke kawo mata. In mata suka tsokane ta da wannan, takan ce, "Na ce ba ta da mai ne? Tana da mai. Amma wanda ya kawo ta bai ɗauke mu mutane ba." Ko a rijiya aka ambaci Nasaran gona sai ta tofar da yawu.

Duk shekara in shuka ta matso, Ɗela kan bi gida-gida ba wanda ya aike ta. Ta sa a ware ƙwaryar iri daban, ta tsaya a kan maza sai sun wanke hannu da toka kafin su taɓa fura. Da zagi take yi, amma ana bi. Wata shekara abinci ya yi wuya, ta shiga gidan Mutari, abin da ta daina yi, saboda ta ji ƙamshin suyar gyaɗa a lokacin da babu mai gyaɗar ci. Ta tarar Aisa, matar Mutari, ta wanke ragowar jan iri tana soya wa yara. Ɗela ta sa ƙafa ta kife kaskon a cikin wuta.

Aisa ta ce, "Yaya, ai na wanke shi sau uku."

"Ko sau goma ne. Aiko a karɓar masu gero a wurina."

Ta fita ba ta dubi inda Mutari yake zaune ba.

Ana saura shekara guda Nasara su tafi, ciwon ƙirji ya kwantar da Mutari. Ya aika a kira ta, sai da Jibo ya sa baki sau biyu kafin ta je. Ta tsaya daga bakin ƙofa. Ya ce ta yafe masa, ya kamata a ce ya faɗa mata tun ranar da ya karɓi buhun.

Ta ce, "Na yafe don Allah. Amma ka sani, ka san abin da ke jikin irin nan."

Mutari ya warke, ya ƙara shekara goma sha ɗaya a duniya. Suna gaisawa in sun haɗu a hanya, iyakarta ke nan. Mansa na miya a wurinta Aisa ke saye, kuma Ɗela ba ta taɓa yi masu gyara ba.