Ganyen Rijiyar Kaka

Ranar wata Alhamis, saura kwana uku katafila ta iso layinmu a Zango, ina kwance rub da ciki a bakin rijiyar gidanmu ina zura ƙugiyar ciro guga. Shekarata goma. Tsakar gida ta cika da ƙullin kaya, Baba na ɗaure dilolin atamfarsa, Inna na ƙwala mini kira, ni kuwa ko a jikina. Abin da nake farauta wani ganye ne mai kama da gashin tsuntsu, da ke fitowa a tsagin duwatsun rijiyar, can inda rana ba ta kaiwa. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, sunansa a wurinmu ganyen rijiya. Kakata, wadda mijinta ya haƙa rijiyar, kullum sai ta leƙa shi kafin a ja ruwan safe. "In yana kore, ruwan lafiya lau," in ji ta. Tun da aka ce za a tashe mu ba ta yi zancen ɗakinta ko darbejiyar ƙofar gida ba, ganyen nan kaɗai take ambato. Ni kuma da shegen rawar kai na ce ta bar mini, ni zan kai mata shi sabon gida.

Wanda na tumɓuko da saiwarsa bai kwana huɗu ba ya bushe ƙayau, don sabuwar unguwar fili ce fetal a bayan gari, ruwa ma sai an turo a kura. Saura ganye ɗaya da na ɓoye a littafina na lekol, wato makarantar boko. Bayansa duk ɗigo-ɗigo ne ruwan ƙasa, da na buɗe littafin sai ga shi sun zubar da wani gari mai laushi kamar garin taba. Na ce ko dai shi ne irin? Na kaɗe shi a kan jiƙaƙƙen bulon da randar Kaka ke zaune a kai.

Wayyo jira! Ni da ko wake na shuka sai na tone shi washegari in ga ko ya tsaga. In na dawo daga lekol, tun kafin in sauke jaka ina gindin randa. A aike ni niƙa, a tsakiyar hanya in ji kamar in juyo. Kaka kuma kowace safiya: "Ya fito, Balki?" Bayan wata guda da wani abu sai ga wasu korayen abubuwa manne da bulon, shimfiɗaɗɗu, ko farcen jariri ya fi su girma, ba kara ba reshe. Haushi ya kama ni. Gansakuka! Ranar Juma'a, ranar wankin randa, na ɗauki soso da toka na dirje bulon nan fes, har Inna ta sa mini albarka.

Sai da shekara ta zagayo malamarmu ta zana ganyen a allo, ta ce sunansa fujer da Faransanci. Ta ce ba shi da iri. Garin bayansa in ya faɗa wuri mai danshi, wani ɗan koren abu shimfiɗaɗɗe yake fara fitarwa, a jikinsa akwai na namiji da na mace, sai sun samu ɗigon ruwa su haɗu, sannan ganyen gaske ya tsiro daga nan. Ta zana ɗan abin. Wallahi shi ne, sak. Na kasa kwafar ko layi ɗaya. Ashe ya fito, ni na kashe shi da hannuna. Lokacin an daɗe da cike rijiyar, Kaka ma ta daina tambaya, kuma har ta rasu ban iya gaya mata ba.

Yau manyan gine-gine ne a Zango, na sha tsayawa ina neman inda rijiyar take na kasa. Fujer kuwa ga shi nan ana sayarwa a tukwane bakin titi, amma ban taɓa saya ba. Ina da firiji, ina kuma da randa a kan bulo, 'ya'yana na ta yi mini dariya don na hana kowa wanke gindinta. Har yanzu kowace safiya sai na durƙusa na leƙa.