Layin da Akawu Yake Tsallakewa

Shekara goma sha ɗaya ina zaune a tagar ba da kati ta sashen masu hawan jini, kuma duk tsawon shekarun nan bango ɗaya ne tsakanina da Akawu. Ni ina gaba, inda ake hayaniya, ana miƙo mini kati ta saman kan juna sai ka ce hannu goma gare ni. Shi yana baya, a wani ɗan ɗaki da asalinsa ma'ajiyar tsintsiya da bokiti ne, aka kwashe aka sa masa tebur da kwamfuta. Taga ɗaya ce a ɗakin, can sama, ba abin da ake gani ta cikinta sai bututun ruwa. Uwar Kati yake ce mini. Ni kuwa ban taɓa wahalar da kaina neman masa wani suna ba, Akawu kowa ke ce masa, har likitoci.

Aikinsa ba wuyar faɗa. Duk wanda ya yi rajista a sashenmu yana da layi ɗaya a wani dogon jadawali cikin kwamfutar: lambar kati, suna, lambar waya, sai ranar da ya zo na ƙarshe. In an tashi daga ganin likita sai in kai masa takardar waɗanda suka zo, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana canza kwanan wata. Ƙarshen wata ya duba wanda ya yi wata uku bai leƙo ba, ya shafa wa layinsa launin rawaya, ya ɗauki wayar ofis ya kira. Maganar ba ta canzawa: "Daga asibiti ne, an ga ba ka zo ba, lafiya dai ko?" Na ji ta ta bango har na haddace, wani lokaci ma ina riga shi ƙarasawa don in ba shi haushi.

Akwai wani maɓalli a saman allon rubutunsa, F4, wanda ya sha dannawa har rubutun kansa ya kusa gogewa. Shi ya koya mini amfaninsa wata rana da na tsaya a kansa ina mita. Ya ce duk abin da ka yi na ƙarshe, shi maɓallin zai sake yi maka. In layi ka shafa wa rawaya, ka sauka na gaba ka danna, ya shafa. In gogewa ka yi, gogewa zai yi.

"Ba ya tambayar dalili, Uwar Kati," in ji shi. "Abin da aka yi ɗazu kawai ya sani."

Na ce, "To ai ɗan'uwanka ne. Kai ma tunda na san ka riga uku kake juyawa."

Ya yi ɗan murmushin nan nasa na rowa, ya ci gaba da aiki.

Matarsa ta rasu tun kafin in san shi, kuma Allah bai ba su haihuwa ba. Shi kaɗai yake zaune. Da safe ya zo da fulas ɗin shayi da burodi a leda, da rana ya ci a kan teburinsa, ya tattare ɓurɓushin da tafin hannu. Wayarsa ta aljihu kuwa, wallahi sai ta yi mako ba ta yi ƙara ba. Mutumin da ke kiran mutum arba'in a wata yana tambayar lafiyarsu, shi ba mai kiransa. Abin yana damuna, ba zan ɓoye ba, amma ni in abu ya dame ni faɗa nake yi, shi ya sa yake ganin kamar na tsane shi.

Da daɗewa na lura cewa duk Talatar farko ta wata yana rufe ƙofarsa. Ba ya fitowa ko ɗibar ruwa sai an watse. Ni kuma Allah ya yi ni da sa ido. Wata irin Talatar na tura ƙofar ba sallama da takarda a hannu, na same shi ya ƙura wa layi ɗaya ido, hannuwansa a cinya. Na leƙa. Sunan wani dogon tsoho ne mai zuwa ganin likita duk Talatar farko, kafinta, mai tabarau ɗaure da zare, wanda ba ya zuwa tagata bai yi mini gardama a kan layi ba. Sai a ranar na lura sunan mahaifinsu ɗaya da Akawu.

"Yayana ne," ya ce, tun kafin in buɗe baki. "Uwa ɗaya, uba ɗaya."

A tsaye na ji labarin. Lokacin da tsohuwarsu ke jinyar ajali, yayan ya kira shi sau uku. Sau uku yana cewa gobe zai zo, wai ana sauya musu kwamfuta a ofis, ba wanda zai riƙe masa aiki. Ranar da ya je ya tarar an dawo daga maƙabarta. Yayan ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Mun gama. Koma wa injinka." Shi kuma ya juya ya koma ɗin. Daga baya yayan ya tashi daga unguwarsu, ya canza waya, shi ke nan. Sai bayan shekara biyar sunansa ya faɗo cikin takardar sababbin rajista, Akawu ya shigar da shi da hannunsa.

Na ce, "Haba Akawu! Taku goma ne daga nan zuwa bencin da yake zama. Taku goma! Ƙafarka ce ta karye?"

Ya ce, "In na fita ya kau da kai fa? Yanzu dai in na ga kwanan watan ya canza, na san yana raye, na san da ƙafarsa ya tako. Ya ishe ni."

Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya wa tsohon komai ba. Na yi, na kuma cika, kuma har gobe ina jin haushin kaina a kan wannan cika alkawarin. Ni da bakina ba ya riƙe ko sirrin cefane, sai wanda ya kamata in fasa na riƙe gam.

Sai kwanan watan ya tsaya. Talatar farko ta zo ta wuce, ba kafinta. Ta biyu haka. A wata na uku Akawu ya shafa wa layin rawaya tare da sauran, ya ɗauki waya. Ina ji ta bango ya kira na sama da shi, ya kira na ƙasa da shi, ya tsallake shi. Wata na huɗu ma haka, na biyar ma haka. Na yi masa tatas, na ce ya ba ni lambar ni zan kira. Ya kashe kwamfutar a gabana, kwana biyu bai ce mini ko sannu ba. Na ce to ya kwafe lambar a takarda ya sa a aljihu. Ya ce ba a kwasar lambar mara lafiya a tafi da ita gida. Ka ji fa! Mutum yana ramewa a gabana, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma dokar ofis yake karanta mini.

Ana cikin wata na bakwai aka kawo mana sabuwar shugabar sashe, mai saurin tafiya da saurin magana. Ta ce za a mayar da sunaye kan sabon tsari, tsohon jadawalin kuma za a rufe shi. Duk wanda ya haura wata shida bai zo ba a cire shi kafin a tashi ranar Alhamis. Mutum ɗari uku da wani abu. Ni da Akawu muka dubi juna. Lambar wayar yayansa ba ta ko'ina a duniyar Akawu sai a wannan layin.

Ranar Alhamis bayan azahar na rufe tagata na jawo kujera kusa da shi. Shugaba ta ce ni in riƙa karanta lambobin kati daga takardarta, shi yana cirewa. Ya goge na farko da hannu, daga nan sai maɓallin nasa. In faɗi lamba, ya sauka, ya danna. In faɗa, ya danna. Zafi ake, fanka tana ta ƙara ba iska, ni duk na ƙosa in tafi gida. Lambobi ne kawai a takardar, ba sunaye, kuma ni ban san lambar tsohon da ka ba. Shi ma ina jin tun daga na ɗari idonsa ya daina karantawa, yatsan ne kawai ke aiki.

Can sai na faɗi lamba ban ji dannawa ba. Na ɗago. Fuskarsa ta yi wani iri.

"Uwar Kati, koma baya. Karanto mini na sama."

Na koma ina karantawa, ɗaya, biyu, har wajen sha biyar. Da na kai kan wata lamba sai ya ce, "Ita ce," a hankali ƙwarai. Ya riga ya goge yayansa tun ɗazu, bai ma sani ba.

Allah ya taimaka bai adana aikin ba tukuna. Ya shiga danna maɓallin mayar da aiki baya, sunaye suna dawowa ɗaya-ɗaya. Da a ce wata rana ce da na yi masa ihu a kan ɓata mini aiki. Ranar kuwa matsowa na yi ina taya shi duba sunayen. Sai ga layin ya dawo, da rawayarsa, da kwanan watan nan na wata bakwai baya.

Ya zauna yana kallonsa. Agogon bango ya nuna uku da rabi, ƙarfe huɗu shugaba za ta zo karɓar aiki, kuma dole layin ya sake fita. Na jawo wayar ofis na dangwara masa a gabansa.

Na ce, "Ba don kai ba. Mara lafiya ne mai rawaya, aikinka ne ka kira shi, wata huɗu kana cin amanar aiki. Kira, ko in je in faɗa wa shugaba."

Ƙarya nake, ba inda za ni. Amma da harshen da yake ji na yi masa magana. Ya danna lambobin yana duba allon sau biyu-biyu. Ɗakin ƙarami ne, ina jin komai. Mace ce ta ɗauka.

"Daga asibiti ne," in ji shi, "an ga bai zo ba, lafiya dai…"

"Auta?" matar ta katse shi. "Auta, kai ne? Innalillahi! Muryar nan ko a mafarki na san ta."

Matar yayan ce. Ban taɓa sanin yana da wani suna a gida ba. Ya ce, "Ni ne, Yaya." Tana kuka ta gaya masa: wata bakwai ke nan da tsohon ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke. Sun nemi wanda ke da lambar Auta sun rasa, su kuma nauyin zuwa suka ji. Ta ce bari ta kara masa wayar a kunne.

Akawu ya miƙe tsaye, kamar yayan yana ganinsa. Ya ce, "Yaya, ina wuni. Ni ne. Ya jiki?" Ba abin da ya fito daga wayar sai numfashi. Ya jira. Ya sake cewa, "Yaya, ka yafe mini." Numfashin ne dai. Ni na tashi na fita, don ba na son a ga hawayena a wurin aiki.

Da na dawo ya rubuta kwatancen gidan a bayan ledar burodinsa. Muka ƙarasa aikin, layin ya fita tare da sauran, shugaba ta karɓa ƙarfe huɗu ta ce mun kyauta.

Ranar Litinin ko jakata ban ajiye ba na faɗa ɗakinsa.

"Ka je? Ya gane ka? Me ya ce?"

Yana zuba shayi a murfin fulas, bai ɗago ba.

"Na je. Ya daɗe yana kallona. Ban san ko kallon me yake mini ba, Uwar Kati, kuma ba wanda zai iya gaya mini. Likitansu ya ce maganar ba za ta dawo ba."

"To me ka yi duk wunin?"

"Farcensa ya yi tsawo," ya ce. "Na yanke masa."